Ranar da Itatuwana Suka Ƙaryata Ni a Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. A bakin rijiya a tare ni, a gidan suna a tare ni, har mai injin niƙa sai da ya kashe injinsa ya ce, "Inna Dije, wai da gaske kin yi magana gaban manya?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk wadda ta ɗauki labarin sai ta ƙara masa gishiri. Jiya na ji wai har jirgin sama na shiga. To ga shi nan yadda ya faru. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma a bar ni in tuƙa tuwona.

Kun san ni ba mai yawo ba ce. Daga ƙauyenmu na ƙasar Kiyeshe, iyakata Dogon Dutsi ranar kasuwa, kuma ko can, da la'asar ta yi hankalina ya koma kan awakina. Abin da ya fitar da ni kuwa gamanata ce, 'yar gonar da maigida ya yanka mini a bakin hanya. Shekaru ke nan ina yi mata sassaben zamani. In ana sharar gona ba na tumɓuke tohon da ke fitowa a kututture, sai in zaɓi mai ƙarfi in bari, in rage sauran. A haka na raini gawo da kalgo da aduwa, wasu tun suna kai mini gwiwa, yau ga shi ina shan inuwarsu. Hatsin ƙarƙashin gawo ya fi na ko'ina, 'ya'yansa kuma su ke riƙe mini awaki da rani. Da mutanen gari suka gani, da yawa suka bi.

Wata rana sai ga Madam Rabi, ma'aikaciyar muhalli ta Dogon Dutsi, ta zo wurin maigari. Ta ce gwamnati za ta karanta rahotonta kan itatuwa da ƙasar noma a Yamai, ana son mace ɗaya daga garinmu, kuma ni aka zaɓa. Ta yi bayani mai tsawo, amma daga inda ta ce "ƙidaya" babu namijin da ya ƙara jin komai.

Ƙurar motarta ba ta kwanta ba aka taru a zauren maigari, aka aika kirana. Tsofaffi suka tuno zamanin da mutum zai sare reshe a gonarsa 'yan gandun daji su tafi da shi. Suka ce duk abin da gwamnati ta ƙirga, gobe nata ne, ko kuwa ta ɗora masa haraji. Sai Tanko, ƙanin mijina, ya miƙe.

"Mi za mu jira? Mu sare su tun ba a zo ba. Wanda bai da itace ai ba a kama shi."

Na ce, "Kai da amalankenka ke kai itacen wuta Dogon Dutsi, dole ka fi kowa tausayinmu."

"Matata, ke dai ki yi shiru. Da naki za mu fara, su ne a bakin hanya."

Aka yi dariya, don wasa ne tsakanina da shi, amma ni ban yi ba. Na san gatarinsa.

Maigari ya yanke magana. Ya ce in tafi in shaida wa gwamnati ba mu da komai. In ta yarda, shi ke nan. In kuwa na tarar an riga an rubuta itatuwan, ina dawowa za a sare su duka. Nan take aka koya mini abin da zan faɗa, ina maimaitawa kamar mai hadda: "Mu dai hamada ta cinye mu. Ko itacen girki ba mu da shi. A taimake mu." Matan gidan maigari suka ce ba a kukan talauci da atamfa. Suka sa na ajiye kayan fitata, na ɗaura zanen da nake shiga turken awaki da shi, da silifas ɗin da aka ɗaure da waya. Maigida ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini goro, ya ce, "Allah ya sa kada a ce gidana kika fito."

A tashar Dogon Dutsi Madam Rabi ta gan ni, ta cire tabarau.

"Inna, kayan fitar suna cikin jaka, ko?"

"Su ke nan a jikina, ɗiyata. Halin da muke ciki ke nan."

"Bon," ta ce. Ta buɗe baki za ta ƙara, sai direba ya danna oda, aka tura mu cikin kar, babbar motar fasinja.

A Kore Mairuwa aka tsaya ɗaukar abokiyar tafiyarmu, Dado, wata Bafillata daga wajen Gesheme, ita kuma makiyaya ta je wakilta. Ta shigo tana walƙiya, 'yan kunne har kafaɗa, ga bidon, wato jarka, cike da nono a hannu. Tana jin ni Ba'ara ce a ƙabila ta washe baki, don kun san tsakaninmu da Fulani sai tsiya.

"Allah na gode maka, an haɗa ni da baiwata. Ke, wa ya kwashe miki kaya?"

"Shanunki suka cinye, ranar da suka shiga gonata."

"Da sun shiga gonar Ba'are da sun rame. Matsa in zauna."

Ta cusa bidon tsakanin ƙafafunmu. Ba ta yarda a sa shi bayan mota ba, wai ta ji an ce nonon Yamai na gari ne ake kwaɓawa, ita kuwa ba za ta sha ƙarya ba. Rana ta yi zafi, mota tana girgiza, nono yana kumbura, babu wanda ya kula. Mun wuce Bolbol kaɗan sai muka ji bum! Marfi ya daki rufin mota, nono ya wanke ni daga haɓa har gwiwa. Ita ko ɗigo bai taɓa ta ba. Wani saurayi mai kwat da ke gabanmu ya shafa ƙeyarsa, ya sunsuna hannu, ya yi salati. Dado ta leƙa bidon ta ce, "Kin shanye mini rabi da zane."

A shingen jandarma aka ce kowa ya fito da kati. Nawa na ƙulle shi a leda, ledar a cikin tsumma, tsumman a lalita, sai da duk mota ta jira ni. Hoton da ke jiki kuwa ranar sunan jikata aka ɗauka, na ci ado har da gwaggwaro. Jandarman ya dubi hoto, ya dube ni, ya ja hanci.

"Inna, wannan yayarki ce mai kuɗi?"

Dado ta ce, "Ita ce, ranka ya daɗe. Aure ne bai karɓe ta ba."

Ya miƙo mini katin yana dariya, ya ce mu sauka lafiya.

Mu ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma ni a Doso na ga iyaka, don a nan Hausata ta ƙare. 'Yan talla suka yanyame tagogi da Zabarmanci. Na gaida wata mai tire yadda aka koya mana a gida, ina gajiya, ina yara, ina maigida, ina zafi. Ta ce "fofo", ta miƙo hannu. Gaisuwar ke nan duka. Na nuna wani abu da take kira kopto, na ce yau zan ci abincin baƙi. Ina buɗewa na ga kwaɗon zogale ne da ƙuli, irin wanda na baro a tukunya. Sai dai gaskiya sun fi mu sakin hannu da mai.

Yamai kuwa abin da ya fara ba ni mamaki ruwa ne. Madam Rabi ta sa mai taksi ya bi da mu ta bakin gada don mu gani. Ruwa kwance iyakar ganinka, ba guga, ba igiya, ba layi, kuma mutane suna wucewa ko kallonsa ba sa yi. Na tuna yadda muke faɗa a rijiya kan wadda ta riga sa tulu. Dado ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A nan saniya sai ta lalace."

Aka kai mu masauki, ɗaki ɗaya ni da ita. Ƙofar ba ta da makulli, wani ɗan kati ake nuna mata ta buɗe. Gadaje farare fes, har na ji nauyin hawa da warin nonon da nake yi, na shimfiɗa mayafina a ƙasa. A bango akwai wani akwati mai hura sanyi. Muka neme shi ya daina, ya ƙi. Dado ta yi masa Fillanci, na yi masa Hausa, daga ƙarshe muka rufa masa bargo. Ta shiga wanka, ta murɗa wani ƙarfe tana jiran ruwa ta ƙasa, ya sauko mata ta sama a kan kitson da ta kwana biyu ana yi mata. Ihun da ta yi, na ce Allah ya saka mini nonona.

Abincinsu ma sai a hankali. Kafin shinkafa aka kawo ɗanyen ganye a faranti, ba a dafa ba, ba a kwaɗa ba. Na tura wa Dado nawa na ce na shanunta ne. Kuma mutanen nan a tsaye suke shan shayi, kofi a hannu ɗaya, salula a ɗaya, suna gaisawa idonsu na wani wuri. A garinmu wanda ya ci abinci a tsaye sai a tambaye shi wa ya biyo shi.

Da safe na wanke zanen, bai gama bushewa ba na ɗaura. Madam Rabi ta ce za ta ara mini nata, na ƙi, don maigari ya gargaɗe ni. Aka kai mu wani ɗakin taro da ya fi masallacin Juma'armu girma. Aka maƙala mana wani abu a kunne, sai na ji muryar namiji tana raɗa mini Hausa, duk abin da aka faɗa da Faransanci ya juya mini. Na ce Allah na gode da maigida ba ya nan, wani ƙato yana mini raɗa tun safe.

Suka fara karanta rahoto. Ƙasa kaza ta farfaɗo, kaza ta lalace, itace kaza aka shuka, kaza ya rayu. Kada ku tambaye ni lambobin, ta saman kaina suka wuce. Abin da na lura, in lamba ta yi daɗi sai a yi mata tafi kamar amarya, in ba ta yi ba sai kowa ya sha ruwan gora. Wata mata ta miƙe daga baya ta ce ita ba ta yarda da wata lamba ba, a gaya mata yadda aka ƙirga. Aka yi ta ja-in-ja, babu wanda ya ce mata ta zauna. Wannan ya burge ni. Wani mai tabarau ya ce wahalarsu ita ce, in sun aika masu ƙidaya ƙauye, amsar da ake ba su daban, abin da ke ƙasa daban. Na sunkuyar da kai na gyara silifas.

Aka fara kiran Dado. Ta yi magana kan burtali da mashaya, ta yi kyau. Sai wani ya tambaye ta shanunsu nawa ne.

"Suna nan lafiya," in ji ta.

"Wajen nawa?"

"Suna gaishe ku."

Ta dawo ta zauna. Sai na ji an kira sunana da na garinmu.

Na hau. Aka rage wuta, wani haske ya faɗo a bangon da ke bayana, ban waiwaya ba don kada hadda ta zube. Na riƙe abin maganar da hannu biyu, na karya murya yadda aka koya mini.

"Mu dai hamada ta cinye mu."

Na ji mai raɗa ya juya musu a hankali kamar mai taka ƙaya. Mutane suka dubi bango, suka dube ni.

"Ko itacen girki ba mu da shi."

Wani ya yi tari. Wata ta toshe baki da takarda. Madam Rabi ta dafe kai da hannu biyu. Na ce a raina tausayi ne ya kama su, bari in ƙara wuta. Na ɗaga gefen zanena don su ga ƙonuwar da ke jiki. Ina shirin cewa a taimake mu, sai muryar Dado ta tsaga ɗakin.

"Ke Ba'ara! Waiwaya!"

Na waiwaya. Da farko ban gane komai ba, wani abu ne kamar tabarma da aka watsa wa baƙin wake. Sai na ga wani layi ya lanƙwasa yadda hanyarmu take lanƙwasa wajen tabki. Na ga tabkin. Na ga masallaci, na ga rumbuna. Garinmu ne, daga sama, kamar yadda shaho ke ganinsa. Hoto biyu ne a jere. Na hagu na shekarun baya ne, fili fari fat. Na dama na yanzu ne, baƙin waken nan duk itatuwa ne, kuma inda suka fi cunkushewa, a bakin hanya, gamanata ce. Har babban gawon da nake ɗaure akuya na gane.

Ashe ba kuka aka kira ni in yi ba. Garinmu aka kawo a nuna wa sauran yadda ƙasa ke farfaɗowa, ni kuma in faɗi yadda muka yi.

Ɗakin ya fashe da dariya, har manyan da ke gaba. Ni ma da na yi, amma sai na tuna Tanko yana can yana wasa gatari. An rubuta, an ma ɗauki hoto. Abin da maigari ya ce in an yi a sare, ga shi an yi. Hadda ta tafi, muryata ta gaske ta dawo.

Na ce, "To tunda kun gani, ku gaya mini gaskiya. Na wa ne? Ni na raine su tun suna toho. In naku ne ku faɗa, don a gida an ce ina komawa da labarin kun ƙirga su, za a sare su duka kafin ku zo karɓa."

Mai raɗa ya juya. Dariya ta ɗauke. Wani dattijo a cikin manyan ya cire abin kunnensa, ya amsa mini da kansa, da Hausarsa ta Zabarmawa mai karkacewa. Ya ce itacen da manomi ya raina a gonarsa, amfaninsa na manomin ne, ya yi sassabe, ya ɗebi 'ya'ya, ya rage reshe. Ba don haraji suke ƙirgawa ba, don su san inda ƙasa ke mutuwa da inda take tashi. Sai dai kayar da babban itace gaba ɗaya, wannan sai an nemi izini. Ya ce in an ɓoye musu gaskiya, su ma a makance za su yi aiki. Sannan ya ce, "Yanzu Inna, gaya mana yadda kika yi."

Nan fa bakina ya buɗe. Na yi ta zuba har sai da aka miƙo wa Madam Rabi 'yar takarda ta zo ta kama hannuna.

Da za a ɗauki hoton taro, Dado ta jawo ni bayan ƙofa ta warware wani zane sabo daga jakarta.

"Ɗaura. Ba za a ga baiwata haka a zage ni ba."

A hanyar dawowa na tambayi Madam Rabi abin da ke cina. Na ce wannan abin da ke sama, tauraron ɗan Adam da suka ce shi ya ɗauko hoton garinmu, har mutane yake gani? Ta ce a'a, wannan hoton itace da gini yake nunawa, mutum ba ya fita. Dado ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Kin ji, ko? To manta da kin ji."

A Kore Mairuwa muka rabu, ta ce in na ƙara ganin shanunta a gonata in gaishe su.

Ina isa gida, ban ko sha ruwa ba aka kira ni zaure. Gari duk ya taru, Tanko a gaba, gatari a kafaɗa. Na faɗi komai, ban rage ba, har dariyar da aka yi mini. Na ce an ƙirga, an gani, kuma babban mutum ya ce da bakinsa itatuwan namu ne, babu haraji. Tsofaffi suka yi ta hamdala. Na ce a raina an gama.

Sai Tanko ya ce, "Madalla. Tunda namu ne, ai sai mu sare abinmu mu sayar."

Na ga wasu samari suna gyaɗa kai. Na ce an ce babba ba a kayar da shi sai da izini.

"Izinin wa? Daga Yamai wa zai ga abin da na yi a bayan tabki?"

"Wanda ya ga rumbunka," na ce. "Wanda ya karkace ɗin nan, da kake cewa za ka gyara tun bara. Ga shi nan a bango, manya suna kallo."

Wannan kuwa gaskiya ce, na gan shi. Tanko ya sauke gatarin daga kafaɗa.

"Matata, tsakaninki da Allah. Har mutane ake gani?"

Na ce, "Ni dai na ga gamanata, na ga rumbunka, na ga hanyar da ke bi ta bayan gidanka. Da idona ya kai nan sai kunya ta kama ni, na kau da kai."

Ban yi ƙarya ba, kunya ta kama ni a ɗakin nan fiye da yadda ta taɓa kama ni. Maigari ya yi gyaran murya ya ce kowa ya mayar da gatarinsa, wanda ke son itacen wuta ya rage reshe yadda Dije ke yi.

Itatuwana suna nan, ko ɗaya ba a taɓa ba, bana ma gawon ya yi 'ya'ya har na ba maƙwabta. Ku da kuka karanta wannan, kun san abin da Madam Rabi ta gaya mini a mota, to ya tsaya tsakaninmu mata. Tanko dai ranar kasuwar da ta biyo ya sayo malfa mai faɗi kamar faifai, kuma tun ran nan ko bayan gari zai zaga sai ya kifa ta.